Zama da ciwon baifola idan kuɗin asibiti ya gagara

Da wuya ciwon baifola ya tashi bai fara taɓa barci ba. Kafin a kai ga surutun da ba ya yankewa, ko rabon kuɗi ga duk wanda aka ci karo da shi, ko rigima da kowa a gida, galibi an yi 'yan kwanaki mutum yana kwanciya ƙarfe biyun dare ya farka ƙarfe huɗu garau, babu hamma babu kasala, har yana jin bai taɓa samun lafiya irin ta wannan makon ba. Wanda ba shi da halin ganin likitan ƙwaƙwalwa duk wata, a cikin waɗannan 'yan kwanakin ne yake da abin yi. Idan suka wuce, magana ta bar hannunsa ta koma hannun dangi, kuma kuɗin da za a kashe a lokacin ya ninka wanda ake gudu tun farko.

Baifola ciwon ƙwaƙwalwa ne na hawa da saukar yanayin rai. A lokacin hawa kuzari yakan yi yawa, buƙatar barci ta ragu, tunani ya riƙa gudu, mutum ya ga ya fi ƙarfin kowa, ya shiga abin da a cikin hayyacinsa ba zai ko kusanta ba. Likitoci suna ɗaukarsa cikakken hawa idan ya kai mako guda, ko ya kai ga kwantarwa a asibiti; mai sauƙin kuwa, wanda bai hana fita aiki ba, kwana huɗu ake ƙirga masa. A lokacin sauka sai baƙin ciki mai nauyi da mutuwar jiki na aƙalla mako biyu, komai ya fita daga rai. Tsakanin biyun mutum kan yi watanni, wani ma shekaru, lafiya lau. Wanda ya yi fushi da safe ya yi dariya da yamma ba shi ake nufi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon da kusan mutum miliyan 40 a shekarar 2019. Yawanci yana farawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, kuma yana bin jini.

Akwai maganar da gara a faɗe ta tun yanzu: tsarin barci da littafin rubutu da taimakon dangi ba sa maye gurbin magani. Wanda ya taɓa yin cikakken hawa sau ɗaya, akasari zai sake, kuma magani ne babban abin da ke tare wannan. Aikin dabarun gida shi ne su sa ɗan maganin da aka iya saya ya yi tasiri, su tsawaita lokacin lafiya, su kuma sa a gano tashin tun yana ƙarami. Saboda haka lissafin farko shi ne inda za a sa ɗan abin da ke hannu.

Kuɗin farko

Idan sau ɗaya kacal za a iya ganin ƙwararre, a gan shi don a tabbatar da sunan ciwon. Abubuwa da dama suna yin kama da hawa alhali ba shi ba ne: zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, taifot mai sa sambatu, yawan aikin ƙullutun wuya da ake kira tayirod, farfaɗiya, buguwa a kai, wiwi, tramadol. Idan an fara ganin alamun tare da zazzaɓi, ko sun fara bayyana ga wanda ya haura shekara hamsin bai taɓa yi ba, asibiti za a nufa a ranar, domin mai yiwuwa ciwon jiki ne.

Asibitocin gwamnati sun fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika da na Jos duk suna da sashen. A Nijar akwai sashen a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, don haka kada a raina nas ɗin da ta karanci fannin, ko likitan babban asibitin garinku da ya samu horon mhGAP, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shi a 2008 don waɗanda ba ƙwararru ba su iya kula da irin wannan ciwo. Ƙwararre ya tsara, na kusa ya ci gaba da rubuta maganin. Kuɗin mota kaɗai da za a rage ba kaɗan ba ne.

A tafi da wanda ya ga ciwon da idonsa, da kwalayen duk maganin da aka taɓa sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin da aka fi ɓoyewa shi ne hawan kansa. Mutane kan je asibiti ne lokacin da suke ƙasa, su ba da labarin baƙin ciki kawai, domin makon da suka yi suna gina gidaje a baki ba su ɗauke shi ciwo ba. Sai a rubuta musu maganin damuwa shi kaɗai, irin su amitriptyline ko fluoxetine, wanda ga mai baifola yana iya jefa shi cikin hawa ko ya sa ciwon ya riƙa juyawa akai-akai. Haka mai kemis yake yi idan aka ce masa “ba na barci, raina a ɓace yake”. Kada a karɓi irin wannan magani daga kanti.

Ka gaya wa likita adadin da za ka iya kashewa duk wata, da lamba. Babu abin kunya a ciki, kuma yana sauya abin da zai rubuta. Tsohon magani mai arha da ake sha kullum ya fi sabo mai tsada da za a sha wata guda a bari. Ka roƙe shi ya rubuta maka a takarda abin da za ka yi idan barci ya fara ƙauracewa, da ko akwai maganin da za ka ajiye don irin wannan daren. Ka tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, ka binciki tsarin inshorar lafiya na jiharku, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, ka ji wane magani ke cikin jerinsu, ka kuma kai koke hukumar zakka da waƙafi idan jiharku na da ita.

Abin da ke ɓata magani

Yankewa ce babbar matsala. Kuɗi ya ƙare, ko mutum ya ji ya warke, ya ajiye. Maganin lithium musamman, idan aka tsayar da shi kwatsam, ciwon kan dawo da ƙarfi cikin 'yan makonni ko watanni. Idan dole a daina, a hankali ake ragewa, cikin aƙalla mako huɗu, a ƙarƙashin kulawar likita. Kada kuma a raba ƙwaya biyu ko a riƙa tsallake rana don ta daɗe. Idan ka ga aljihu ba zai kai ba, ka koma wurin mai rubutawa tun da sauran na mako biyu a hannu, a sauya maka mai sauƙi. Wannan na mako biyun ya zama ajiya ta dindindin: kana sayen sabo, kana shan tsohon, ajiyar ba ta taɓa sauka. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada a ajiye a mota ko kusa da murhu.

Lithium yana cikin mafi inganci, yana kuma rage haɗarin kashe kai, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙarama ce. Yawanci ana son ya tsaya tsakanin 0.6 da 0.8 a gwajin jini, ana ɗibar jinin awa 12 bayan shan na ƙarshe, sannan a duba ƙoda da tayirod duk wata shida. Wanda ba zai iya biyan waɗannan gwaje-gwajen ba, lithium ba nasa ba ne, kuma ya faɗa wa likita haka. Mai shan sa ya san abin da ke tara shi a jini: ƙarancin ruwa a jiki, gudawa da amai, zufa mai yawa irin ta watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, rage gishiri kwatsam, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam. Wannan haɗin da ake cewa mai kemis “haɗo min na ciwon jiki” kusan kullum da ɗayansu a ciki. Paracetamol ne abin sha. Idan hannu ya kama karkarwa mai ƙarfi, ga amai ko gudawa, ga tangaɗi, magana ta sarƙe, kada a sha na gaba, a tafi asibiti nan take.

Sodium valproate yana aiki, amma ba na macen da za ta iya ɗaukar ciki ba ne: kusan jariri ɗaya cikin goma kan zo da nakasa, uku zuwa huɗu cikin goma kuma su samu matsalar koyo ko girman ƙwaƙwalwa. Carbamazepine yana da arha kuma ana samunsa ko'ina, sai dai yana karya ƙarfin ƙwayar tsarin iyali da ashanar hannu. Allurar wata uku da robar mahaifa ba su da wannan matsalar. Carbamazepine da lamotrigine duka suna iya kawo ƙuraje masu haɗari a makonnin farko: ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki ko jan ido, a tsaya a ga likita a ranar. Wanda ya yi fashin lamotrigine sama da kwana biyar ba zai koma kan adadinsa na da ba, daga ƙasa ake sake farawa. Olanzapine yana kwantar da hawa ya kawo barci, amma yana buɗe ciki, ƙiba da sukari na biyo baya, don haka a riƙa auna ƙugu duk wata, a gwada sukari lokaci-lokaci. Haloperidol da chlorpromazine su ne mafi arha. Suna iya sandarar da jiki ko su murɗe wuya, abin da ke firgita dangi har su ce an yi wa yaro jifa, alhali rage adadi ko ƙara wata 'yar ƙwaya yana warware shi.

A nisanci prednisolone da dexamethasone sai da takardar likitan da ya san da ciwon. Suna cikin haɗin ƙiba da mata ke sha, suna cikin wasu haɗin ciwon gaɓoɓi, kuma su kaɗai sun isa su tayar da hawa.

Littafi da biro

Ka sayi littafin makaranta mai fallaye arba'in, ka ja layuka shida: kwanan wata, awannin barci, yanayin rai, ko an sha magani, kuɗin da aka kashe, da wani abin da ya faru. Yanayin rai da lamba za a rubuta, daga -3 zuwa +3. Sifili shi ne kai na yau da kullum. +1 kuzari da yawan magana amma kana riƙe da kanka, +2 mutane sun fara cewa “lafiya kuwa?”, +3 ba ka tsayuwa. -1 jiki ya yi nauyi amma kana fita, -2 aiki ya fara tsayawa, -3 ko wanka ya gagara ko tunanin mutuwa ya shigo. Mace ta ƙara alamar ranar da al'ada ta zo. Minti biyu ne bayan Isha'i. Akwai manhajojin waya irin su eMoods da Daylio masu yin wannan aiki, amma takarda ba ta buƙatar caji, ba ta kuma ja mutum zuwa TikTok da tsakar dare.

Layin barci ya fi na yanayin rai gaskiya, domin mai hawa ba ya yarda yana hawa. Zai rubuta sifili da zuciya ɗaya, amma ba zai iya mayar da awa uku ta zama bakwai ba. Layin kuɗi ma haka. Sau ɗaya a mako ka ba wani na kusa ya sa tasa lambar a gefen taka. Inda lambobinku suka fara rabuwa, a nan ake sa ido. Bayan wata uku ko huɗu littafin zai fara nuna abin da ke tayar maka da ciwon, kuma ranar ganin likita minti biyar da shi ya fi dogon bayani.

Barci

Wata masaniya a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, Ellen Frank, ta gina hanyar jinya sukutum a kan daidaita lokuta biyar na yini: tashi daga barci, fara hulɗa da wani mutum, fara aiki, cin abincin dare, da kwanciya. Manufar ita ce kowanne ya riƙa faɗowa kusan lokaci guda kullum, har ranar hutu. Mai salla biyar ya riga ya samu ginshiƙan. Matsalar ita ce lissafi: wanda zai tashi Asuba ƙarfe biyar, in yana son awa bakwai zuwa takwas, dole ya kwanta tsakanin tara da goma. Hirar majalisa har sha biyu, ko kallon ƙwallon Turai na dare, ba su shiga wannan lissafin. Idan za a koma barci bayan Asuba, a mayar da shi al'ada mai iyaka, kullum a tashi lokaci ɗaya. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma kafin La'asar.

Goro, shayi mai ƙarfi, kofi da lemukan ƙara kuzari su tsaya daga Azahar. Masu zaman fada a Nijar da ke kai wa kofin shayi na uku da dare, nan ne za su fi jin jiki. Waya ta kwana a wani ɗaki, ko aƙalla a rufe data awa guda kafin kwanciya. Aikin dare, gadi ko tuƙin doguwar hanya ko kwanan asibiti, yana cikin abubuwan da suka fi cutar da mai wannan ciwo. Idan akwai halin musanya da na rana, ko da kuɗin ya ragu, ya fi riba.

A bambanta rashin barci iri biyu. Wanda ya kasa barci ya wayi gari a gajiye yana hamma, damuwa ce ko zafi ko sauro. Wanda ya yi awa uku ko huɗu ya tashi da ƙarfinsa, har yana ganin barci ɓata lokaci ne, wannan ne abin tsoro. Dare biyu a jere a haka ya isa a fara aiki da shiri.

Shirin da ake rubutawa lokacin lafiya

Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 1999 ya nuna cewa koya wa marasa lafiya gane alamunsu na farko, tare da shirin abin yi, ya jinkirta dawowar hawa sosai, ko da yake bai yi irin wannan tasiri a kan sauka ba. Alamun kowa nasa ne. Wani zai fara kiran tsofaffin abokai da daddare. Wani sabon kasuwanci uku a mako guda. Wata za ta kama wanki da goge-goge ƙarfe ukun dare, ko ta riƙa ɗora hotuna ashirin a rana. Wani ibada ce za ta ƙaru fiye da ƙima, ya kwana yana wa'azi a WhatsApp, daga baya ya fara jin an zaɓe shi don wani aiki na musamman. Ka zauna da mutum ɗaya ko biyu da suka ga tashin baya, ku tuno abin da ya faru a mako biyun da suka gabace shi, ku rubuta alamu biyar bisa jerin yadda suke zuwa.

Sai a rubuta abin yi, kai da wanda ka amince wa ku sa hannu. Zaɓen wannan mutum ya fi komai wuya: wanda ba ya tsoronka, ba ya kuma yi maka gori, ba lallai ne ya zama mafi girma a gidan ba. Da zarar alamu biyu sun haɗu, katin ATM da makullin mota ko babur su koma hannunsa, a cire manhajar banki da ta bashi da ta caca daga waya, a bar maka kuɗin kashewa na yini. Duk wata babbar shawara, aure, saki, ajiye aiki, sayar da fili, doguwar tafiya, sai ta kwana biyu kuma mutum biyu da aka ambata a takardar sun ji ta. A soke biki da taro da kasuwa mai hayaniya. A sha maganin da likita ya ce a tanada don irin wannan lokacin, yadda ya rubuta, kuma a neme shi cikin kwana biyu ko uku, ba a jira ranar da aka ba da ba.

Duhu yana taimakawa. A wani ƙaramin gwaji a Milan ta Italiya a 2005, an sa masu hawa cikin duhu na awa 14, daga shida na yamma zuwa takwas na safe, dare uku, tare da maganinsu, kuma waɗanda ciwon bai wuce mako biyu da tashi ba sun fi saurin sauka. A Norway a 2016 an samu sakamako mai kyau da tabarau mai ruwan lemo da ke tare shuɗin haske. A gida, abin da ake nufi shi ne daga Magariba a kashe fitila mai haske, babu waya babu talabijin, a zauna ɗaki shiru ko barci bai zo ba. Ba a kulle mutum a yi masa wannan. Da yardarsa ake yi, shi ya sa ake rubuta shi tun yana lafiya.

Lokacin sauka

A nan dabarar ta juya. Jiki zai ce a kwanta, kwanciyar kuma tana ƙara nauyin. A riƙe lokacin tashi ko da barcin dare bai yi daɗi ba, a fita hasken safe na minti ashirin zuwa talatin, a taka ƙafa ko zuwa bakin layi ne. A rubuta ayyuka uku ƙanana tun daren jiya: wanka, karyawa, gaida maƙwabci. Kada a jira sha'awa ta zo, bayan an fara take biyowa, wani lokacin ma sai an yi kwanaki. Dangi su daina cewa “ka yi tawakkali mana” ko “me ka rasa?”, su zo su ce “taso mu je masallaci” ko “zo ki taya ni tsince shinkafa”.

Yanayi mafi haɗari shi ne idan biyun suka cakuɗe: rai a ɓace, ga rashin barci, ga kuzari da ƙunci da kai-komo. A irin wannan hali ne aka fi rasa mutane. Idan ana zargin yana tunanin kashe kansa, a tambaye shi kai tsaye. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Idan ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a fitar da fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona daga gidan, maganinsa ya koma hannun wani a riƙa ba shi na rana, a kai shi asibiti ko da bashi. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce. Ƙungiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa kamar MANI da She Writes Woman, wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016 bayan ita kanta an gano tana da ciwon, suna da masu sauraro da tarukan tallafi. A duba shafukansu don lambobin da ke aiki a yanzu.

Azumi da jego

Ramadan yana taɓa duk abin da aka lissafa a sama a lokaci guda: sahur ya raba barci, asham da tahajjud su ci dare, lokacin shan magani ya sauya, jiki ya bushe. A yi maganar da likita wata guda kafin a ga wata. Da yawa ana iya mayar da maganinsu sau ɗaya da dare. Mai shan lithium a azumin bazara, ko wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, yana cikin waɗanda aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa rangwame, kuma malamin da ya fahimci ciwon zai faɗa masa haka. Wanda zai yi, ya tsare jimillar awanninsa, ya kwanta da an idar da asham, goman ƙarshe kuma kada ya raya dare sukutum. Haka Kirista mai zuwa addu'ar kwana a coci.

Haihuwa ita ce lokaci mafi haɗari ga mace mai baifola, musamman mako biyun farko, kuma ciwon kan zo da sauri har da ruɗewa. Tun da ciki ki gaya wa masu awo, kada ki ajiye magani da kanki don kin ga ciki, a zauna da likita a zaɓi wanda ya dace. Al'adar zuwa wanka gida tana da amfani a nan idan aka yi ta da sani: wata ta karɓi jariri da dare, mai jego ta samu awa biyar zuwa shida a jere, a rage 'yan barka, taron suna kada ya hana ta kwanciya. Mai shan lithium ta tambayi likita kan shayarwa, da kan kunun kanwa ma, domin yawan kanwa na iya sauya adadinsa a jini. Mai jegon da ta yi dare biyu ba barci, tana maganganun da ba su haɗu ba ko tana tsoron jaririn, ba a barin ta da shi ita kaɗai, kuma ba a kwana ba a kai ta asibiti ba.

Ga masu jinya

Mai hawa ba a yi masa gardama, ba a kuma taru a kansa. Mutum ɗaya ya yi magana, a taƙaice, murya ƙasa. In ya ce shi ne zai gyara ƙasar nan, ba sai an ƙaryata ba, ba sai an gaskata ba: “Na ji, Yaya. Ga ruwa, sha tukuna.” Ba zai zauna cin tuwo ba, a miƙa masa abin da zai ci a tsaye, ƙosai, ayaba, kunu a kofi. A kawar da wuƙaƙe da yara daga gabansa ba tare da an nuna masa ba. Idan ya yi dare uku babu barci, ko yana jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, ko yana barazana, aikin gida ya ƙare.

Addu'a da ruƙiyya ba sa faɗa da ƙwaya, a haɗa su. Inda ake samun ɓarna shi ne wurin da aka ce sai an ajiye maganin asibiti, ko a kwana ana karatu da ƙarfi a kan wanda barci ne maganinsa, ko a kai ga duka da mari. Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2019 kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a Najeriya, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare haƙƙinsu da mutuncinsu. Kuɗin da wasu gidaje ke kashewa a yawon masu magani cikin wata guda zai sayi maganin watanni.

Bayan ciwon ya lafa akwai sauran aiki. Mutum zai farka ya tarar da bashi, da saƙonnin da ya tura, da maganganun da ya faɗa wa surukai, kuma kunyar wannan kan tura shi cikin sauka. A jira mako biyu ko uku kafin a buɗe lissafin, a rubuta basussukan a biya ɗaya bayan ɗaya, wanda aka amince wa ya raka shi wurin waɗanda za a ba haƙuri. Idan an furta saki a cikin hawa, a kai maganar gaban malami ko alƙali tare da takardar asibiti kafin kowa ya yanke hukunci, tunda hadisi ya ambaci wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum ukun da aka ɗauke wa alƙalami. Daga nan a ɗauko takardar shirin, a duba alamar da ta fara zuwa wannan karon da matakin da aka makara a kai, a gyara, a sake sa hannu.